Tallafin noma mai jure sauyin yanayi: wace ƙofa ce ta dace da manomin Arewa mazaunin Legas?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ɗan lambu a Legas ya canja. Injin ban-ruwan da a da ake cika wa tanki ba a tsaya tunani ba, yanzu shi ke cinye ribar latas da alayyafo tun ba a kai su kasuwa ba. Mai kaji da mai tarwada kuwa tsadar abinci ce ta sha musu kai. Ga yanayi ya daina tsayawa kan ƙa'idar da aka san shi da ita. Masu noma a bakin kogin Ogun, wajen Agiliti da Owode da Isheri, sun san yadda ake kwana a duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan. A gida Arewa ma labarin ɗaya ne, ko dai ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ko ya zo da yawa lokaci guda.

Shi ya sa maganar tallafin gwamnati ba ta ƙarewa a majalisun Agege da Alaba Rago da Mile 12. Wannan ya ce a yi rajista da Fadama, wancan ya ce ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, na raba sola, wani ya ce a tafi banki kawai. Kowa da gaskiyarsa, sai dai ƙofofin ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ƙwanƙwasa wadda ba tasa ba zai ɓata wata da watanni yana zarya. Ƙofofi huɗu zan gwada a nan. Ra'ayina tun daga farko shi ne, filin da kake nomawa shi zai zaɓa maka: na waye, kuma shekara nawa kake da tabbacin za ka yi a kansa.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko, me zai fita daga aljihunka? Akwai abin da ake ba ka kyauta, akwai wanda ake rage maka farashi ka cika sauran, akwai wanda za ka mayar. Duka ukun ana kiransu tallafi a rediyo, kuma nan ne mutanenmu suka fi shiga rigima.

Na biyu, ƙarko. Buhun taki kaka ɗaya ce ya ƙare. Farantin sola mai kyau yana haura shekara ashirin. Bishiya kuwa har jikoki.

Na uku, sauƙin shiga, wato takardu da ƙungiya da tsawon jira. Na huɗu, haɗari: idan abu ya ɓaci, me za ka rasa? Na biyar kuma shi ne wanda aka fi mantawa, ko abin zai sa gonarka ta fi jure fari da ambaliya da tsadar mai baɗi, ko kuwa bana kawai zai fisshe ka.

Ƙofa ta ɗaya: kayan aiki ta ofishin Fadama na Legas

Shirin NG-CARES ya samo asali ne daga dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disamban 2020 don farfaɗo da masu ƙaramin ƙarfi bayan annobar korona, kuma a 2025 aka ƙara masa dala miliyan 500. Ɓangarensa na noma ofisoshin Fadama na jihohi ke gudanar da shi, har da na Legas. Abin da yake bayarwa kaya ne: iri, taki, 'yan tsaki, 'ya'yan kifi da abincinsu, injuna, kayan sarrafa amfani da adana shi, da gyaran kasuwanni ta fuskar ruwa da tsafta. Ba a miƙa wa mutum tsabar kuɗi ya tafi.

Yana da kyau a san yadda kuɗin ke tafiya, don a fahimci dalilin jira. Jiha ce ke fara kashe nata, sai masu tantancewa su zo su ga aikin da idonsu, sannan a mayar mata. Saboda haka saurin rabo ya danganta da lokacin da jihar ta saki kuɗi. Idan ka yi rajista da nufin shukar wata mai zuwa, za ka sha haushi. Ka yi ta ne da nufin kaka ta gaba ko ta bayanta.

Wajen farashi babu wadda ta kai ta sauƙi. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin ƙungiya da na mota da lokacinka ba. Amma ba a shiga a ɗaiɗaiku. Sai da ƙungiyar manoma mai rajista, mai shugabanni da littafin taro da asusun banki, kuma malaman gona sun san inda gonakinku suke. A nan ne 'yan lambunmu ke da rauni. Ka je wajen Iyana-Iba ko kewayen barikin Ojo da sassafe ka gani: kwamai a jere kamar an ja su da zare, mutum na ɗibo ruwa daga 'yar rijiyar da zurfinta bai fi tsayinsa ba, da gwangwanin ban-ruwa biyu a hannu, mata 'yan sari na jiran a tsinke musu latas da albasa mai lawashi. Ƙwarewa kam akwai ta. Amma da yawansu sun shekara goma a wurin babu sunansu a kowane littafin gwamnati, sai a adashen da suke yi tsakaninsu. Wannan adashen kansa shi ne harsashin ƙungiyar gama-kai, rajista kawai ya rage.

Wani abu da nake so ya shiga kunnen kowa: katin LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, katin zama ne, ba na asali ba. Bahaushen da ke zaune a Legas yana da haƙƙin yinsa kamar kowa, kuma shi ake fara tambaya a kusan duk shirin jihar, tare da lambar NIN da ta BVN. Ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar, LSADA, yana Oko-Oba a Agege, unguwar da mutanenmu suka fi sani a duk Legas. Bai kamata a ce muna wucewa ta ƙofarsa kullum ba mu taɓa shiga mun tambaya ba.

Ƙarko ya danganta da abin da ƙungiya ta nema. Idan an ba ku zaɓi, ni dai sola zan ce. Ga misali, ka sa alƙalumanka a madadin nawa: a ce injinka na shan lita uku a rana, a ce lita naira 900. Naira 2,700 ke nan kullum, a rani mai kwana 120 ya zama naira 324,000, ban da baƙin mai da gyara. Famfon sola yana shafe wannan lissafin gaba ɗaya. Yana da nasa sharaɗin. Lokacin hazo ƙura na rufe faranti, ƙarfinsa ya ragu, sai an riƙa goge shi da tsumma mai laushi da safe. Kusa da teku, wajen Badagry ko Ibeju, iskar gishiri na cin ƙarfe da mahaɗin waya. Famfon kansa ba ya kai faranti daɗewa, don haka ku tambayi wa zai gyara kuma ina ake samun kayan gyaran tun kafin ku sa hannu. Tiyon ban-ruwa na ɗigo-ɗigo yana rage ruwa da ciyawa sosai, amma idan ruwan rijiyarku mai laka ne ko mai tsatsa, ba tare da matata ba zai toshe cikin 'yan makonni.

Haɗarin wannan ƙofa ba bashi ba ne, fili ne. Legas ta fi kowace jiha ƙanƙantar ƙasa, kuma wani babban ɓangarenta ruwa ne. Lambunanmu da yawa suna kan filin bariki, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kangon da mai shi bai tashi gini ba. Ranar da ya tashi, ko 'yan omo-onile, masu da'awar filin gadonsu ne, suka sayar wa wani, ba ya jiran tumatirinka ya nuna. Rijiyar burtsatse ba ta ciruwa. Tankin kifi na siminti ba ya ɗaukuwa. Wanda ba shi da takardar haya a rubuce ta aƙalla 'yan shekaru, ya nemi abin da zai iya naɗewa ya ɗora a mota: famfon sola na tafi-da-gidanka, tankin tamfol, tiyo. Akwai kuma sata, domin faranti a buɗaɗɗen fili yana buƙatar mai gadi ko a kwashe shi da yamma.

Shirin APPEALS, wanda ya tallafa wa masu kaji da kifi da shinkafa a Legas da Kano da Kaduna da wasu jihohi uku, an rufe shi tun 2023. Duk wanda ya zo maka da fom ɗinsa yau, kuɗinka yake nema.

Ƙofa ta biyu: rangwamen kayan noma

Nan gwamnati na biyan wani kaso, kai ka cika. A matakin tarayya akwai NAGS-AP, shirin rangwamen kayan noma, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da lamunin dala miliyan 134 dominsa, aka ƙaddamar da noman alkamarsa na rani a Jigawa a Nuwamban 2023, da rangwamen kashi 50 cikin ɗari kan iri da taki. Hankalinsa yana kan hatsi, alkama da shinkafa da masara da makamantansu, don haka ya fi amfanar mai gona a gida fiye da mai lambu a Ojo. A Legas kuwa, a farkon 2025 jihar ta fito da tallafin manoma na Ounje Eko, inda aka rage kashi 25 cikin ɗari kan abincin kaji da na kifi. Ga mai kiwo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abinci ne ke cin mafi yawan kuɗin kiwo.

Wannan ƙofa ta fi sauran sauri idan an buɗe ta, kuma ba ta damu sosai da mallakar fili ba. Matsalarta biyu. Dole kuɗinka su kasance a hannu ranar da aka kira ka, in ba haka ba damar ta wuce. Sannan kaya kan iso a makare, takin da ya zo bayan shuka ta yi bunni kuwa ya rage amfani.

A ma'auni na biyar ita ce mafi rauni. Iri mai saurin nuna ko mai jure zafi yana taimakawa ƙwarai, wannan ba musu. Takin zamani kaɗai kuwa ba ya gyara ƙasar da ta gaji, kuma ƙasar rairayi irin ta gefen teku ruwa ɗaya mai ƙarfi ke wanke shi. Shawarata ga wanda ya samu rangwame ita ce ya ɗauki abin da ya rage masa ya sayi kashin kaji daga gidajen gonar Ikorodu ko Epe, ko kashin shanu daga mahautar Oko-Oba, ya tara shi da ɓuntu ko busasshiyar ciyawa, yana juyawa yana yayyafa ruwa har zafinsa ya fita, ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Mai tarwada kuma kada ya zubar da ruwan da ya canja a kwata, ya kai shi kwamin ugu da lalo, taki ne ya riga ya biya kuɗinsa.

Ƙofa ta uku: ACReSAL, amma a gida

Wannan shi ne shirin da aka gina kacokan don sauyin yanayi, kuma shi ne wanda aka fi ruɗewa a kansa a Legas. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a Disamban 2021, na tsawon shekara shida, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Yana aiki ne a jihohin Arewa 19 da Abuja. Legas ba ta ciki. Duk wanda ya ce zai yi maka rajistar ACReSAL don gonarka ta Badagry, ka kama gabanka.

To me ya kawo shi cikin lissafin mazaunin Legas? Saboda yawancinmu ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a gida. Mai sayar da albasa a Mile 12 yana da gonar gado a Sakkwato ko Kebbi da ƙaninsa ke nomawa, kuma shi ke aika kuɗin taki duk damina. Idan ƙasar ta gyaru, nauyin da ke kansa ne ya ragu.

Ayyukansa iri biyu ne. Akwai na jama'a da ba a biya, kamar dashen itatuwa, toshe kwazazzabai, gyaran madatsun ruwa, rijiyoyi masu sola da rabon iri mai jure fari. Akwai kuma asusun juyawa na al'umma, dala 25,000 ga kowace al'ummar da aka zaɓa, wanda ƙungiyoyin manoma ke ranta su mayar don na baya su samu. Jihohi da dama sun sanar da shi a matsayin rance mara kuɗin ruwa, abin da ya sanyaya zuciyar masu gudun riba. Amma rance ne. Wanda ya riƙe bai mayar ba, maƙwabcinsa ya hana, kuma a ƙauye wannan abin kunya ne da ke bin gida har 'ya'ya.

Wajen ƙarko babu kamarsa. Ramukan rabin-wata da ake haƙawa a kan fako suna tare ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu da ƙasa. Barin kututturen itace ya sake tofo ana yi masa sassabe, dabarar da manoman Maraɗi suka yi suna da ita tun shekarun 1980, ta mayar da itatuwa gonakin da aka fid da rai da su. Gawo kuwa manomi ya daɗe da sanin darajarsa: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa ne amfani ya fi kyau, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Irin wannan aikin ba ya nuna kansa a shekara ɗaya. Mai neman abin da zai rufe ramin bana ba nan zai same shi ba.

Wahalarsa ita ce ba kowane gari yake ciki ba, ana zaɓar yankuna ne bisa magudanan ruwa, kuma ba a yin sa ta waya daga Legas. Sai akwai mutum a gida, mai amana, da ke cikin ƙungiya kuma yake halartar taro. Inda rashin tsaro ya hana zuwa gona, duk wannan lissafin ya tsaya, kuma ba zan ce wa kowa ya ci bashi don gonar da ba a iya isa gare ta ba.

Ƙofa ta huɗu: rance mai sauƙi

Bankin Manoma, BOA, da asusun samar da aikin yi na LSETF da Legas ta kafa a 2016 suna ba da rance da kuɗin ruwan da bai kai na bankunan kasuwanci ba. Mai gudun riba yana da Jaiz da TAJBank da Lotus, inda a tsarin murabaha banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Amfanin wannan ƙofa shi ne kai ke zaɓar kayanka da mai sayarwa da lokaci. Farashinta kuwa takardu ne, da masu tsaya maka, da biya ko an samu ko ba a samu ba.

A tuna da Anchor Borrowers, shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Mutane da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati, aka bar bashi mai yawa ba a biya ba, daga ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya janye daga irin wannan rancen. Yanzu zamani ya canja. Tun 2020 akwai ƙa'idar da ta ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Wanda zai ci bashi ya haɗa da inshorar noma ta hukumar NAIC, wadda gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗinta kan wasu amfanin gona da dabbobi, kuma ya san cewa idan asara ta faru sai an sanar da wuri kafin a kwashe shaida.

Ga su a jere

| Ƙofa | Abin da za ka kashe | Ƙarko | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Fadama ta Legas | Kuɗin ƙungiya da zarya | Shekaru, in sola ce ko inji | Sai da ƙungiya da LASRRA, ga jira | A tashe ka daga fili, sata |
| Rangwame | Rabi ko kashi uku cikin huɗu na farashi | Kaka ɗaya | Ta fi sauri in an buɗe | Kaya su makara, kuɗi ba a hannu |
| ACReSAL | Aikin ƙarfi, da mayar da rance | Mafi daɗewa | Arewa kawai, sai da wakili a gida | Rashin tsaro, rashin amana |
| Rance | Uwar kuɗi da abin da aka ɗora | Gwargwadon abin da ka saya | Takardu da masu tsayawa | Bashi bayan asara |

Duk ƙofar da ka zaɓa, ba a sayen fom, ba a tura lambar sirrin katin banki ko lambar da aka aiko ta waya ga kowa, kuma saƙon WhatsApp da ke cewa ka tura wa mutum ashirin kafin a ba ka tallafi ƙarya ne. Ka taka da ƙafarka zuwa ofis, ko ka bi ta shugaban ƙungiyarku ko fadar Sarkin Hausawan unguwarku a tabbatar.

Wa ya dace da wace

Ɗan lambun da ke kan filin aro, wanda za a iya tayarwa da sanarwar mako guda, rangwame ne nasa, da takin da zai haɗa da hannunsa. Ya yi katin LASRRA, su mayar da adashensu ƙungiya mai rajista, in rabon Fadama ya zo ya nemi kayan da ke ɗaukuwa. Kada ya ci bashi don haƙa rijiya a filin wani.

Mai kaji ko tarwada da ke da takardar haya ko filin kansa a Ikorodu, Epe ko Badagry, shi ne Fadama ta fi dacewa da shi, ya haɗa da rangwamen abinci duk lokacin da aka buɗe. Idan yana da masu saye tabbatattu kuma lissafin mansa na wata ya kusa kai abin da zai riƙa biyan banki, rancen sola ya dace da shi, ba sai ya jira ba, da sharaɗin inshora.

Matan da ke busar da kifi ko kiwon kaji a bayan gida su nemi ƙungiyar mata mai rajista, domin shirye-shiryen Bankin Duniya kan ware wa mata da matasa kaso, kuma murhun busar da kifi na zamani yana rage itace da hayaƙin da ke cin ido da ƙirji.

Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke Legas amma gonarsa ke gida, ya daina neman shiga shirin jihar da ba ya noma a cikinta. Ya kira gida a bincika ko garinsu na cikin yankunan ACReSAL, a sa ƙaninsa ko ɗansa a ƙungiya, shi kuma ya ɗauki nauyin cikon kuɗin NAGS-AP idan noman rani ya zo. In garin ba ya ciki, ramin rabin-wata da barin gawo ba sa jiran izinin kowa, kuɗin leburori da na abincinsu kawai zai aika kafin ruwan farko.

Wanda gonarsa ke bakin kogin Ogun ko wani wuri mai kwari, kafin ya nemi komai ya saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya ɗaga kwamansa sama, ya tsara shukarsa ta yadda zai kwashe kafin Satumba da Oktoba, watannin da aka fi sakin ruwan Oyan.